Yadda Ake Zama Mai Masaukin Baƙi na Sa-kai a Gandun Dajin Gwamnatin Amurka

A Amurka akwai wani aiki da ba shi da albashi, amma duk shekara sai an yi rububinsa. Mutum zai ɗauki motarsa mai ɗakin kwana, ko tirela, ko tanti, ya tare a cikin gandun dajin gwamnati wata uku ko huɗu, yana kula da zangon da masu yawon shan iska ke sauka su kwana. Abin da ake ba shi shi ne wurin zama kyauta, wani wurin da wuta da ruwa, wani wurin kuma ko ɗaya babu. Yawancin masu yinsa dattawa ne da suka yi ritaya, miji da mata, sai malaman makaranta masu dogon hutu. Bahaushen da ke zaune a can da takardunsa cikakku, shi ma ƙofa a buɗe take gare shi, namiji ko mace.

Dazuzzukan nan suna hannun Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1905 zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, tana kuma ƙarƙashin ma'aikatar noma. Tana riƙe da gandun daji 154 da filayen ciyawa 20, faɗinsu ya kai eka miliyan 193. Ma'aikatanta ba za su iya kwana a kowane zango ba, shi ya sa tun da aka yi dokar karɓar 'yan sa-kai a 1972 take jingina da mutanen gari. Kada a haɗa ta da hukumar da ke kula da manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone da Yosemite. Waccan daban take, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma dokokinta sun fi tsauri.

Mataki na ɗaya: duba takardunka

Ɗan ƙasa da mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ba su da matsala. Wanda ke ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara kuwa, kada ya ce ai tunda ba kuɗi za a ba shi ba shi ke nan. Wurin zama kyauta da ɗan kuɗin cefane da wasu gundumomi ke bayarwa suna iya zama lada a idon jami'an shige da fice. Ɗalibi ya fara tambayar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, sauran kuma su nemi lauya. Wanda yake gida Najeriya ko Nijar yana tunanin wannan hanyar samun biza ce, gara ya cire ransa tun yanzu. Hukumar tana da ofishin hulɗa da ƙasashen waje da kan kawo baƙi da bizar musayar ilimi, amma wannan tsari ne na daban, galibi na ɗalibai da masu bincike.

Sai lasisin tuƙi mai rai, da inshorar mota. Wurare da dama za su ɗauki hoton yatsunka su binciki tarihinka, domin za ka riƙa hulɗa da yara da kuɗin gwamnati. Binciken yana cin makonni.

Mataki na biyu: san wa ke riƙe da zangon

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Zangon yana cikin dajin gwamnati, da tambarin hukuma a bakin ƙofa, amma ba lalle hukumar ce ke gudanar da shi ba. Da yawa an ba kamfanoni kwangilarsu. Mai masaukin da ke ƙarƙashin kamfani ma'aikaci ne: ana biyansa da awa, yana biyan haraji, sai yana da izinin aiki, kuma aikinsa ya fi nauyi, domin shi ne mai karɓar kuɗi, mai sayar da itace, mai wankin bayan gida. Wanda ke ƙarƙashin hukumar kai tsaye shi ne ɗan sa-kai, kuma a kansa nake magana. Idan ka ga talla an rubuta kuɗin awa, ka san na kamfani ne.

Mataki na uku: zaɓi daji da lokaci

A arewa da kan duwatsun yamma, kakar aikin tana farawa daga Litinin ɗin ƙarshen watan Mayu, ranar tunawa da sojojin da suka mutu, zuwa Litinin ɗin farkon Satumba, ranar ma'aikata. A Filorida da hamadar Arizona abin a juye yake, a hunturu ne baƙi ke cika dazuzzuka irin su Ocala da Tonto, lokacin da mutanen arewa ke gudun sanyi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi wuri kusa da gida. Mazaunin Atlanta yana da Chattahoochee a arewacin Jojiya. Na Houston yana da Sam Houston, tafiyar kusan awa guda. Na Washington da kewaye yana da George Washington da Jefferson a Bajiniya, na Ohayo yana da Wayne. Hotunan White River a Kolorado ko Tongass a Alaska suna da jan rai, kuma Tongass ɗin shi ne mafi girma a ƙasar, kusan eka miliyan 17. Amma zangon da ke kan tudun mita 3,000 yana iya wayar gari da dusar ƙanƙara a watan Yuni, numfashi yana yi wa baƙo wuya a makon farko, ruwa kuma yana tafasa tun zafinsa bai wuce digiri 90 ba, ta yadda wake zai cinye maka rabin tukunyar gas bai nuna ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likitansa kafin ya yi alƙawarin irin wannan wuri.

Mataki na huɗu: nema

Ana saka tallan a shafin Volunteer.gov. Ka buɗe asusu, ka zaɓi jiha da hukumar gandun daji, ka duba guraben masu masauki. Wuraren da ake so suna cika tun Disamba da Janairu, don haka wanda ya jira Afrilu saura zai tarar. Sauran ma ba abin rainawa ba ne, domin kusan kowace shekara wani kan janye a ƙurarren lokaci.

Kowane gandun daji an raba shi gunduma-gunduma, kowace da shugabanta da jami'in da ke kula da wuraren shaƙatawa. Bayan ka cika fom, ka nemo lambar ofishin gundumar ka buga waya, ka ce a haɗa ka da mai kula da 'yan sa-kai. Fom na iya kwanciya a kwamfuta wata guda ba wanda ya buɗe, amma wanda ya kira ya gaisa ya faɗi sunansa ana tunawa da shi. A cikin fom ɗin kada ka cika labarin digiri. Abin da suke son ji shi ne ka taɓa hulɗa da jama'a, kana iya ɗaga buhun shara, ka san agajin gaggawa, kuma za ka zauna har ƙarshen kaka. Direban tasi, ma'aikaciyar jinya, malamin makaranta, mai shago, duk sun dace. Ka tanadi mutum biyu ko uku da za su shaide ka.

Mataki na biyar: tambayoyin da za ka yi kafin ka ce to

Idan sun kira ka, yawanci ta waya ake ganawar. Su ma za su yi tambaya, amma naka tambayoyin sun fi muhimmanci, domin akasarin waɗanda ke tattara kayansu su gudu a tsakiyar Yuli abin da ba su tambaya ba ne ya kore su. Kada kunya ta hana ka.

Ka fara da wurin da za a ajiye ka. Akwai wutar lantarki? Mai ƙarfin amfiya 30 ce ko 50? Akwai famfo a wurin, ko sai an ɗebo? Ina ake zubar da ruwan datti na motar, kuma tafiyar minti nawa ce? Tsawon tirela nawa wurin ke ɗauka? Suna karɓar mai tanti? Wasu gundumomi suna da ɗan ɗakin katako da suke ba wanda ba shi da mota, amma kaɗan ne. Idan babu wuta, ka tambayi ko rana tana faɗowa a wurin, domin sola a ƙarƙashin dogayen itatuwa kayan ado ce kawai.

Sai maganar sadarwa. Akwai sabis na waya? Na wane kamfani? Idan babu, za su ba ka rediyon oba-oba? Wa ke amsawa da ƙarfe biyun dare? Asibiti mafi kusa kilomita nawa ne?

Sai aikin kansa. Awa nawa a mako, kwana nawa za ka huta, kuma waɗanne ranaku? Wuraren kwana nawa ne a zangon? Mai wuri 15 da mai wuri 80 ba aiki ɗaya ba ne. Wa ke wanke salga, kai ko ma'aikata? Za ka taɓa kuɗi? Akwai kuɗin cefane ko na mai, nawa ne, yaushe ake biya? Za a ba ka ƙaramar motar zagaye ko da ƙafa za ka yi? Tambaya ta ƙarshe, wadda na fi ba muhimmanci: me ya sa wanda ya riƙe wurin bara bai dawo ba? Daga yadda aka amsa maka za ka gane ko zangon na iyalai ne masu kwanciya da wuri, ko na samarin gari ne da ke zuwa da lasifika da kwalabe.

Musulmi yana da ƙarin tambaya guda. Juma'a da rana ita ce lokacin da baƙi ke kwararowa, hutun mai masauki kuwa yawanci Talata da Laraba ne. Idan akwai masallaci a garin da ke kusa kuma kana son zuwa, ka faɗa tun yanzu a rubuta. Jami'an sukan saurara idan an gaya musu da wuri, musamman idan ku biyu ne, ɗaya zai tsaya.

Mataki na shida: sa hannu

Takardar yarjejeniyar ita ce fom mai lamba OF-301a. Kada ka ɗaga ko tsintsiya kafin kai da jami'in ku sa hannu. Dalili shi ne wannan takarda ce ke sa doka ta ɗauke ka kamar ma'aikacin gwamnatin tarayya ta fuska biyu: idan ka ji rauni a bakin aiki, da kuma idan wani ya kai ƙara kan abin da ya faru kana cikin aikin da aka sa ka. Kariyar tana tsayawa ne a kan ayyukan da aka rubuta. Idan ba a rubuta sare itace ba, ka ɗauko injin yanka don taimako ka ji ciwo, ka fita daga inuwarta. Ka karanta jerin ayyukan, abin da kuka yi magana a waya ka tabbata ya shiga. Matarka ko mijinki, in zai taya aiki, shi ma sai ya sa nasa hannun. Kayanka kuwa, mota da tirela, inshorarka ce ke ɗauke da su.

Mataki na bakwai: haɗa kaya ka isa da wuri

Hukumar takan ba da riga ko hula mai tambari, da bajon suna, da mabuɗai, da kayan shara. Kai kuma ka zo da kayan sanyi ko da lokacin zafi ne, da takalmi mai ƙarfi, da tocilan na goshi, da jarkokin ruwa, da maganinka na wata uku. Naman halal sai ka saro daga birni ka cika firji, in akwai wutar riƙe shi. Buta kada a manta da ita.

Ka isa kwana biyu ko uku kafin a buɗe. Ka zagaya da jami'in, ka haddace lambar kowane wuri, ka san inda makunnin ruwa yake, da hanyar fita ta biyu idan gobara ta tare ta farko. Ka ɗaga kai ka dubi itatuwa. A yammacin ƙasar ƙwaro ya kashe itatuwa masu ɗimbin yawa suna tsaye a bushe, kuma wanda ya karkata kan wurin kafa tanti sai a sanar da ofis nan take.

Idan an ba ka ɗaki ko sito da ya kwana a rufe duk hunturu, kada ka shiga da tsintsiya. Kashin ɓeran daji yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta-bairos mai kama huhu, wadda ta kashe mutane a kudu maso yammacin ƙasar a 1993, kuma ta ƙura ake shaƙarta. Buɗe ƙofa da tagogi minti 30, sa safar hannu, ka jiƙa wurin da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, ka bar shi minti biyar, sannan ka goge da takarda.

Mataki na takwas: aikin yau da kullum

Da safe za ka zagaya. Ka duba salga, ka sa takardar goge-goge, ka share, ka ga ko famfo na zuba. Ramin salgar nan mota ce ke zuwa ta zuƙe shi, saboda haka kwalba ko kunzugun yara da aka jefa ciki sai wani ya tsamo da hannu. Ka riƙa tunatar da mutane. Waɗanda suka kama wuri ta shafin Recreation.gov, wasu tun wata shida baya, za a ba ka jerin sunayensu ka liƙa kati a kan sandar kowane wuri. Sauran wuraren na wanda ya riga zuwa ne: ya sa kuɗi a ambulan ya jefa cikin bututun ƙarfe a bakin ƙofa, ya maƙala guntun takardar a sandarsa. Kai dubawa kawai za ka yi. Dattijo ɗan shekara 62 zuwa sama mai katin tsofaffi, da mai katin naƙasa, rabin kuɗi suke biya a yawancin wuraren, don haka kada ka ga kuɗi bai cika ba ka ɗaga murya.

Da baƙi suka tashi, sai ka bi wurarensu ɗaya bayan ɗaya, kuma murhu ne abin dubawa na farko. Za ka tarar da toka fara sol, ba hayaƙi, ka rantse ta mutu tun jiya. Sa shebur ka tona. A ƙasa akwai garwashi ja, yana jiran iskar la'asar. Ka kwarara bokitin ruwa har ƙarar cuuu ta daina, ka juya da shebur kamar mai kwaɓa ƙasar gini, ka juyo kowane guntun itace ka kankare bayansa, ka ƙara ruwa. Sannan ka kawo bayan hannunka kusa. In ka ji ɗumi, ba a gama ba. Yawancin gobarar daji a Amurka mutane ne sanadinta, kuma murhun da aka bari da rai yana cikin manyan dalilai.

Idan fari ya yi tsanani, shugaban gandun kan kafa takunkumin wuta. A mataki na ɗaya, sai a cikin murhun ƙarfe na zangon da aka amince kawai. A mataki na biyu, ba itace ba gawayi, sai risho na gas mai makunni. Kowane daji da irin rubutun umarninsa, don haka ka karanta naku ka liƙa a allo. Kayan wasan wuta haramun ne a dukkan gandun dajin kowane lokaci, amma daren 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, sai ka ji su. Wannan makon kada ka sa ran barci. Haka kuma ana hana shigo da itace daga nesa, saboda ƙwari irin wanda aka gano a Mishigan a 2002 ya hallaka miliyoyin itatuwa, kuma a cikin itacen girki yake tafiya.

A inda ake da beyar, wato ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, abinci da duk wani abu mai ƙamshi, har sabulu da man goge baki, sai a akwatin ƙarfe ko cikin mota a rufe. Dokar ta hau kanka kafin kowa. Kilishi da daddawa da man shanu da turaren wuta, ka san ba a ɓoye su ga hancin mutum ma, balle na beyar. A Montana da Wayomin da Aidaho, inda ake da manyan beyar ɗin nan masu tozo, ka nemi a koya maka amfani da feshin barkonon da ake korarsu da shi. A gabas kuwa kaska ce abin tsoro, ka duba jikinka kowane dare.

Mataki na tara: mutane

Lokacin shiru a yawancin zanguna daga ƙarfe 10 na dare ne zuwa 6 na safe. Kare sai da igiya. Zama ba ya wuce kwana 14 a galibin wurare. Dokokin nan suna da haƙori, karya su na iya jawo tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin wata shida. Sai dai ba kai ke da haƙorin ba. Ba ka rubuta tara, ba ka korar kowa, ba ka ƙwace komai. Kai ido ne da kunnen hukuma.

Dabarar ita ce ka riga matsala isa. Da la'asar, lokacin da mutane ke kafa tanti suna cikin fara'a, ka je ka gaishe su, ka faɗi sunanka, ka nuna musu famfo, ka saka maganar ƙarfe goma da ta murhu a cikin hira. Wanda kuka yi dariya tare da rana, da dare in ka ce masa, "Maƙwabci, akwai jariri a wuri na 12, a ɗan rage mana sauti," zai rage. Wanda bai taɓa ganin fuskarka ba sai da tocila a idonsa, faɗa zai yi. Ka tsaya daga bakin hanya, kada ka kutsa tsakiyar taro, kada ka haska fuskar mutum. Ka faɗa sau ɗaya, in ta kama sau biyu. Idan giya ta yi yawa, ko ka ga bindiga, ko miji da mata na dambe, ka juya ka koma, ka rubuta lambar mota da lokaci, ka kira jami'in tsaron hukumar ko ofishin sherif, wato 'yan sandan yankin, ko lambar gaggawa ta 911.

Za ka ga shaye-shaye, da shigar da ba ka saba da ita ba a bakin tafki, karnuka kuma za su shinshine ka kullum. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya nemi aikin sa-kai na gyaran hanyoyin ƙafa ko na ofishin baƙi. Za kuma a yi ta tambayarka daga ina kake. Mafi yawa son sani ne kawai. Idan wani ya wuce gona da iri, wannan ma abin rubutawa ne a kai wa jami'i, ba abin haɗiyewa ba.

Alamar mai masauki tana kafe a ƙofarka, don haka ana iya ƙwanƙwasa maka kana tsakiyar salla, don batirin mota ya mutu ko yaro ya ɓata. Ka sami ɗan allo mai cewa ka tashi daga aiki, da lambar gaggawa a ƙasa. Ranar hutunka kuma ka bar zangon gaba ɗaya, in ba haka ba ba hutu.

Mataki na goma: rufewa

Tun ranar farko ka riƙa rubuta awanninka kana miƙa wa jami'i ya sa hannu. Wanda ya tara awa 250 yana samun katin 'yan sa-kai, mai ba shi shiga wuraren shaƙatawa na gwamnatin tarayya kyauta har wata 12, kuma kaka guda ta isa ta cika wannan adadi. Sai ka tambaya, domin ba kullum ake tunawa ba.

A makon ƙarshe za ku kwashe tokar murahu, ku tsiyaye bututun ruwa kafin ƙanƙara ta fasa su, ku kulle salga da ƙofar shiga. Ka mayar da mabuɗai da rediyo, ka rubuta wa jami'in abin da ya lalace da wuraren da suka fi ba da wahala. Ka karɓi takardar shaida, tana amfani wajen neman aikin wucin gadi na hukumar mai albashi, wanda ake tallarsa a shafin USAJOBS. In kana son dawowa baɗi, ka faɗa kafin ka tayar da mota, domin gundumomi sukan fara ba tsohon hannu wurinsa kafin su saka talla.